Mikaila da Tudun Nakpanduri

Mikaila ɗan Abdul-Kadiri mai masauki ne a Salaga, kamar yadda ubansa da kakansa suka yi. Gidansu yana gabas da tsohuwar kasuwa, zaure biyu da rumfar jakuna, da rijiya a tsakar gida wadda ruwanta bai taɓa yin daɗi ba. Aikin mai masauki sananne ne: fatake su sauka, ka ba su ɗaki da ruwa da tuwo, ka adana musu goronsu, ka nemo mai saye, in rigima ta tashi ka shiga tsakani. Mikaila kam ya iya, ba a magana. Yana jin yaren Gwanja da na Dagomba da na Mosi, yana ɗan taɓa na mutanen Kumasi. Ya san hanyar Kano zango-zango, ya san mashigar kowane kogi daga nan har Wagadugu. Amma fa duk a bakin baƙi ya ji. Shi kansa ƙafarsa ba ta taɓa wuce gonakin bayan gari ba, kuma ka ji shi yana faɗa da alfahari, wai shi duniya ce take zuwa ta same shi a zaure.

Abu ɗaya ne yake ɓata masa rai, shi ne mutum ya yi tafiya ba kaya. Da Turawa suka zauna, hanya ta yi lafiya, sai irin waɗannan baƙi suka fara ɓullowa jefi-jefi. Akwai Baturen da ya zo da wani akwati mai ƙafa uku, ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya wuni yana ɗaukar hoton tsofaffin rijiyoyin Salaga, rijiyoyin da ko akuya ta raina. Akwai wani tsoho daga Katsina da ya ce tun yana yaro kakansa yake ba shi labarin kasuwar Gwanja, wato ta Salagar nan, shi ne ya taso ya gani kafin ya mutu. Ya zagaya kangaye, ya share hawaye, ya juya gida. Wani akawu kuma daga bakin teku, da malafa da takalmi sau-ciki, ya ce hutu aka ba shi, yana so ya ga yadda mutane suke rayuwa a inda babu teku. Wani Bamoshe ya zo bai ce wa kowa komai ba, ya je gindin kukar kasuwa ya zauna tun safe har la'asar. Sai da zai tafi ya ce a nan aka sayar da uwarsa.

Na Bamoshen kaɗai Mikaila ya ɗaga wa ƙafa. Sauran kuwa, da sun juya baya sai ya tafa hannu ya ce wa 'yan zaure, "Ku ji mini rashin aikin yi. Mutum ya ci ƙafarsa wata guda don ya kalli rami. To ya gani, sai me? Ya sa a buhu ya kai gida?" A yi ta dariya.

Akwai wadda ba ta dariya, tana bayan zana tana tuƙa tuwon baƙin. Mansuratu ke nan, matarsa, wadda yake kira 'Yar Bawku. Ubanta dillalin shanu ne a zangon Bawku, abokin cinikin mahaifin Mikaila, kuma tun suna yara suka san juna, don takan biyo ayarin ubanta... a'a, kada in yi mata ƙarya, ba ta taɓa biyo ayari ba. Shi ma bai taɓa zuwa Bawku ba. A bakin fatake suka ji labarin juna, suka so juna tun ba su haɗu ba, kuma da aka kawo ta ba wanda ya yi da-na-sani.

A waccan tafiya ta kawo amarya ne abin ya faru, zamanin Jamus suna Yendi. In ka baro Bawku ka wuce Garu ka ƙetare kogi, akwai wani tudu da yake tare hanya kamar katanga, tudun Nakpanduri. Jakuna sukan sha wuya kafin su hau shi, don haka a can sama kowane ayari yake tsayawa ya huta. Gwaggonta Adisa ce ta rako ta, mace mai tsanani, kuma dokarta ɗaya ce: duk inda ayari ya tsaya maza suka taru, amarya ta ja lulluɓi har ƙirji. Suna isa sama aka sauke kaya, Mansuratu na zaune a kan jaki cikin mayafi, sai ta ji mutane sun yi tsit. Can wani ya ce, "Kai. Ku zo ku ga duniya." Ta ji ƙafafu suna wucewa ta gefenta zuwa bakin tudun. Wani yana cewa ga hayaƙin Garu can, wani yana rantsuwa har Bawku yana hange. Ta kai hannu ta ɗan ɗaga bakin mayafin, Gwaggo Adisa ta make hannun. "Ke amarya ce ko 'yar kallo?" Aka ɗaura kaya aka wuce. Abin da ta gani a tudun Nakpanduri shi ne kunnuwan jaki da yatsun ƙafarta masu lalle.

Ba ta roƙi Mikaila zane ba, ba ta roƙe shi murjani ba. Iyayenta suka rasu, 'ya ɗaya da ta haifa wa Mikaila, Safiatu, ta yi aure a Kumasi, ita dai maganarta ba ta sauya ba. Duk shekara, in ruwa ya ɗauke, sama ta wanke garau, sai ta ajiye masa kokon safe ta ce, "Maigida, bana za ka kai ni in ga tudun nan?"

Shi kuma amsarsa a shirye take, kuma don Allah ba ƙarya yake yi ba. Da rani hanya take buɗewa, da rani kuma fatake suke cika gida. Mai masaukin da ya rufe zaure rani ɗaya, baƙinsa sun koma gidan wani ke nan har abada. Da damina kuwa gida ba kowa, amma koguna sun cika sun batse, ba mai wucewa. "'Yar Bawku, tudu ne fa," in ji shi. "Ba ƙafa gare shi ba. Allah ya kai mu baɗi." Ta ce amin, ta ɗauke ƙwarya. Haka aka yi ta baɗi, baɗi, har furfura ta fito musu su biyun.

Lori ce ta sallame shi daga aiki. Da aka gyara hanyar mota, goro ya daina kwana a Salaga. Direba ya tsaya ya zuba wa injinsa ruwa, fasinja su sayi doya, a wuce. Rumfar jakuna ta zama wurin shanyar barkono. Mikaila yakan share zaure ya shimfiɗa tabarmi kamar kullum, ya zauna shi da ƙudaje.

A wannan tsakanin ne ya lura Mansuratu tana miƙa wa maƙwabciya allura ta sa mata zare. Sannan ta fara lalube kafin ta kama marfin tukunya. Yanar ido ce ta fara rufe mata idanu, na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bi. Ran nan, a shekarar da Turawa suka fara yaƙinsu na biyu, ta ajiye masa koko, ba ta yi tambayar da ta saba ba. Ta ce, "Maigida, idona yana tafiya. Da hantsi ina ganin nesa har yanzu, in rana ta yi kyau. Ban san ko zai kai baɗi ba."

Wannan magana ta soke shi. Bai sha kokon ba. Ya fita ya sayi jaki da sabon akumari, ya bar wa wani ɗan'uwansa gida. Da aka ce ai ga lori, Mansuratu ta ce ita ba ta shiga abin da ba ya tsayawa inda mutum yake so. 'Yan zaure suka tambaye shi ina zuwa haka ba kaya? Shi da ya shekara talatin yana yi wa masu zuwa kallo dariya, ya ce zai kai tsohuwa ta kalli tudu? Sai ya ce dangin matarsa za su gaisar a Bawku.

Tafiyar farko ta yi daɗi, wannan kam ba a hana su ba. Tana kan jaki yana riƙe da igiya, tana nuna masa abin da take iya gani: jan zanen wata mata a gona, farin balbela a bayan shanu, rimi tsaye shi kaɗai. Shi kuma ga shi kamar yaro. Kogin da ya sha kwatanta wa baƙi mashigarsa, da ya gan shi ido da ido sai ya ja da baya, sai da ta yi masa dariya ta ce, "Ashe masanin hanya tsoron ruwa yake ji."

Suka iso Yendi ana neman watan azumi. A Yendi kuwa ba inda Mikaila zai sauka sai gidan Malam Awudu, mai karantarwa a zaure, mai taɓa cinikin tufafi, tsohon baƙonsa. Akwai tsohuwar wasa tsakaninsu. Shekarun baya Malam Awudu ya sauka a Salaga da niyyar kwana kaɗan, Mikaila ya sa aka ɓoye akumarin jakinsa, bai fito da shi ba sai da aka sha ruwan Sallah. Haka masu masauki suke yi wa baƙon da suke ƙauna. Baƙo ba ya tafiya sai maigida ya sallame shi, kuma yawan riƙo shi ne yawan girmamawa. Wanda ya matsa sai ya tafi, ya nuna tuwon gidan bai yi masa ba ke nan.

Malam Awudu ya ga Mikaila a ƙofar gidansa, ya rungume shi har rawaninsa ya kwance. "Yau Salaga ce da kanta ta taso? To Alhamdu lillahi, Allah ya kawo mini ranar ramuwa." Kashegari da safe Mikaila ya je rumfa zai ɗaura wa jaki, ba akumari. Malam Awudu yana tsaye yana dariya har da riƙe ciki. "An ga wata, Mikaila. Gaisuwar dangi ce, ba gobara ba. Sai an sauko daga Idi."

Mikaila ya yi dariyar shi ma. Me zai ce? Shi ya koya wa mutumin.

Aka ware wa Mansuratu ɗaki a cikin gida wajen iyalin Malam, ana ta nan-nan da ita, ba a barinta ta ɗaga ko tsinke. Kwanaki suka fara tafiya. Wata la'asar ta aika aka kira shi bakin ƙofar cikin gida, ta yi ƙasa da murya. "Maigida, ka gaya masa. Jiya da hantsi na ga bishiyar ƙofar gida. Yau sai da aka ce mini ga ta."

Ya nufi zaure da niyyar faɗa, wallahi da niyya ya je. Ya tarar zauren cike, an tashi daga tafsiri, dattawan unguwa suna jiran shan ruwa. Ya durƙusa kusa da Malam ya ce, "Malam, da ma maganar tafiyar nan ce." Malam Awudu ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Jama'a ku shaida, mutumin Salaga ya raina tuwon Yendi." Aka yi dariya. Sai wani ya ce a ba su labarin Baturen nan mai ɗaukar hoton rijiya, don Malam ya sha ba su, amma sun fi so su ji daga tushe. Mikaila ya duba fuskokin nan. Ya ce a gaban waɗannan zai buɗe baki ya faɗi lalurar matarsa, sannan ya ƙara da cewa ba wata gaisuwa, kallon tudu za su? Kunya ta danne shi. Ya ba da labarin Bature, har da kwaikwayon yadda yake cusa kai cikin ƙyalle, zaure ya yi ta kyakyatawa. Da ya koma ya ce mata Malam ya ce a ɗan ƙara haƙuri. Ta ce, "To."

Ba ta sake aikowa a kira shi ba. Ni a wurina wannan ya isa ya tashe shi tsaye, amma shi sai ya ɗauka sauƙi ta samu.

Aka yi Sallah. Sai ga surukar Malam ta haihu, aka ce ai baƙon da ya yi azumi a gida ba ya tsallake suna. Aka yanka rago, aka ci, aka watse. Sannan akumari ya fito, an sake masa sabuwar igiya, ga doya da zabi biyu na guzuri. Malam Awudu ya raka su har bayan gari yana sa albarka, zuciyarsa fari ƙal, shi a ganinsa ya fita kunyar aboki.

Daga Yendi zuwa arewa Mansuratu ba ta nuna masa komai a hanya ba. In ya ce, "Kin ga garken can?" sai ta ce, "Na gani." In ya ce ga rumbuna masu hula, ta ce masha Allah. Ya riƙa jan jaki da sauri har dabbar ta fara ɗingishi. Hankalinsa ya ɗan kwanta da wani abu guda: rana tana fitowa tas kowace safiya.

Ta wannan gefen na kudu ba a hawan tudun, ƙasa ce take ɗagawa a hankali ba ka sani ba. Da hantsi suka ratsa wasu duwatsu da 'yan itatuwa, sai kawai ƙasa ta ƙare a gabansa. Mikaila ya saki igiya. Ya taka zuwa baki. Can ƙasa, nesa, daji ne shimfiɗe har inda ido ya gaza, manyan itatuwa sun koma kamar an shanya ganye a tabarma. Ga kogi yana walƙiya siriri. Ga hayaƙin ƙauyuka yana tashi nan da can, ga shaho yana shawagi a ƙarƙashin ƙafafunsa. Duk baƙin da suka kwatanta masa wurin nan ba wanda ya faɗi rabinsa. Bai san lokacin da bakinsa ya ce, "Kai. Zo ki ga duniya" ba.

"Ina gani, Maigida," in ji ta daga bayansa. "Masha Allah. Ashe haka yake. Ga faɗi."

Ya juyo da murna. Da ya saki igiya, ashe jakin ya juya ya sa kai cikin ciyawa. Mansuratu tana zaune a kansa, ta yaye mayafinta har kafaɗa, ta buɗe idanu sosai, tana murmushi. Fuskarta tana kallon wani dutse da ƙaya, hanyar da suka fito. Duniyar tana bayanta.

Ya zo a hankali ya kama igiyar, ya juya kan jakin zuwa arewa. Ta ji dabbar tana juyawa a ƙarƙashinta. Murmushin ya tsaya, sannan ya tafi. Iskar da take tasowa daga ƙasa ta bugi fuskarta.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Tun kafin Sallah. Ban so ka ji haushin Malam ba, shi alheri ya yi." Ta ƙara da cewa, "Na so in bar ka da cewa ka kawo ni na gani."

Mikaila ya durƙushe a gefen jaki ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar da aka binne ubansa. Ita ce ma ta lalubo kansa ta dafa. Da ya lafa ta ce, "To tunda mun zo, gaya mini. Ana hangen Bawku da gaske, ko ƙarya mutumin nan ya yi?" Ya share ido ya duba iya dubawa. Mutumin da ya rayu da kwatance, ya rasa ta inda zai fara. Ya ce akwai itatuwa. Ya ce akwai kogi. Ya ce Bawku kam bai sani ba, don bai san kamanninta ba. Ta gyaɗa kai, ta ja mayafinta ta rufe fuska da kanta, ta ce su tafi kada rana ta yi.

A Bawku ɗan wanta Aruna, mai cinikin shanu, ya karɓe su hannu biyu, ya ba su ɗaki. Aka yi gaisuwar dangi, ƙaryar Mikaila ta zama gaskiya. Mansuratu ba ta daɗe ba, zazzaɓin damina ya ɗauke ta. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa ce masa ga laifinka ba, kuma da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Safiatu ta aiko daga Kumasi ya koma wurinta, ya ƙi. Salaga ma bai sake taka ta ba.

Abin da ya koma yi shi ne, da ruwa ya ɗauke sai ya ɗauki buta da tabarma ya gangara ta Garu, ya hau tudun da ƙafafunsa na tsufa, ya kafa 'yar bukka kusa da inda ayari yake hutawa. Yakan ɗebo ruwa ya ajiye a tulu don masu wucewa. In aka tambaye shi me yake sayarwa, ya ce ba komai, kallo ya zo. Wasu su yi dariya, ya bar su su yi. Mutanen ƙauyen suka saba da shi, suna cewa tsohon Salaga ya ɗan taɓu, amma ba ya cutar kowa.

Masu jakuna suna ta raguwa, amma jefi-jefi akan kawo amarya ta wannan hanya. Nan ne za ka ga Mikaila ya miƙe da hanzari. Ranar da Aruna ya zo ya tafi da shi gida a karo na ƙarshe, don ƙafa ta ƙi, ya tarar da shi a tsakiyar irin wannan. Ayari ya sauke kaya, maza sun taru a bakin tudu suna nuna hayaƙin Garu. Amarya tana kan jaki cikin lulluɓi, wata dattijuwa tana tsaye a gefenta. Mikaila ya kai wa dattijuwar ruwa a ƙwarya, ya rusuna mata kamar ita ce babba.

"Mma, don Allah ki bari yarinyar nan ta ɗaga mayafi ta duba. Ni zan sa mazan su juya baya."

Matar ta sha ruwan, ta dube shi sama da ƙasa. "Baba, amarya ce fa."

"Na sani."

"In ta kwana biyu mijinta ya kawo ta ta gani. Tudu ai ba ya tafiya."

Ta miƙa masa ƙwaryarsa. Aka ɗaura kaya, aka kora jakuna kudu. Mikaila ya tsaya da ƙwarya a hannu yana bin su da ido, yarinyar tana tafe cikin mayafi, kanta a sunkuye, har duwatsu suka rufe su.